Wa za ka ba rufin gidanka: kafintan unguwa, ɗan jinga, kamfanin kwano ko magini mai rajista?

Gini ya wuce linta, aljihu ya yi sanyi, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. A daidai nan kowa yake zama gwanin shawara. Birkila yana da kafintansa, ƙanin uwargida yana da abokin da wai duk rufin layinsu shi ya yi, mai sayar da kwano a Ƙofar Ruwa kuma ya ce ka bar masa komai ka je ka yi barci. Kai kuwa ka gaji, so kake a rufe a huta. Wannan gajiyar ce ke sa mutum ya shekara uku yana ƙirga buhun siminti ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa rufin gidan gaba ɗaya a hirar minti goma a bakin titi.

Hanyoyi huɗu ne mai gida yake da su a garuruwanmu. Ko ka sayi kaya da kanka ka biya kafinta kuɗin hannunsa, ko ka ba wani jinga ya zo da kayansa, ko ka je wurin masu injin lanƙwasa kwano su kawo su buga, ko ka sa magini ko injiniya mai rajista ya tsaya a kan aikin. A kowace hanya akwai mutanen kirki, akwai kuma 'yan ha'inci. Abin da ya bambanta su shi ne inda ɓarna take iya ɓuya, da wanda za ka kama ranar da ruwa ya ɗigo a kan gado.

Ma'aunin da za ka ɗora kowa a kai

Na farko, aikin da ya ci damina. Hoto a waya ba shaida ba ne, domin sabon kwano ko wa ya buga shi sheƙi yake yi. Ce masa ya nuna maka gida biyu ko uku da ya rufa shekara biyu zuwa sama, ka koma kai kaɗai ba tare da shi ba. Ka tambayi masu gidan: ya yi yoyo a marka? Iskar farkon damina ta taɓa shi? Da aka kira mai aikin, ya zo? Ɗaga kai ka dubi silin, tabon ruwa ba ya ɓuya, taswira yake zanawa. In ka fito, ja da baya ka dubi doron rufin. Idan ya lotsa kamar bayan tsohon jaki, ko ɗanyen katako aka sa ko an yi masa rowa.

Na biyu, lissafi a rubuce, dalla-dalla. Wanda ya ce maka "miliyan kaza ne, da komai da komai" bai ba ka lissafi ba. Takarda ta nuna faɗin rufin a murabba'in mita, nau'in kwano da kaurinsa, girman katako da tazarar da za a bari tsakaninsu, ƙusa ko sukuru, murfin doro, kwata, maganin gara, kuɗin mota da kuɗin aiki, kowane a layinsa. Ka kuma san cewa faɗin rufi ya fi faɗin ƙasan gida, gwargwadon tsininsa. Gidan da ya shimfiɗu a murabba'in mita 200, in gangaren rufinsa digiri 30 ne, zai ci kusan 231. In aka kai shi digiri 45, kusan 283, tun kafin a ƙara bakin da ke leƙowa waje da guntayen da ake yankewa. Wannan dogon rufin mai tsini da ake yayi, wanda muka kwaso daga inda ruwa ya fi namu yawa, kuɗi ne ka jera wa iska. Ban ce kada ka yi ba in kana so, amma ka san abin da ka saya.

Na uku, yadda kuɗi zai tafi. Kada kuɗinka ya riga aiki. Kafin alƙalami daidai sayen kayan matakin farko, wani kaso idan katako ko ƙarfe ya hau ka gani, wani idan kwano ya hau, ragowa kuma sai ruwa ya gwada aikin. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na wasu watanni don gyaran abin da ya ɓullo. Ba abin da ya hana mai ɗaki biyu da falo yin haka, in dai an faɗa tun farko.

Na huɗu, ɗauri. A Arewa iska ta fi ruwa kashe rufi. Guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko, daga Afrilu zuwa Yuni, ita ce ke yaye kwano da katakonsa ta ajiye a gidan maƙwabta, kuma yawanci ba laifin kwanon ba ne, ba a ɗaure rufin da jikin gini ba. Tambayi mai aikin yadda zai ɗaure. Amsar da kake so ita ce rodi ko langalanga da aka binne cikin kankaren linta, aka naɗe katakon da ke kwance a kan bango da shi, sannan kowane rafta, wato katakon da ke gangarowa daga doro zuwa bango, ya kamu. Wanda ya ce ƙusa inci shida ta isa, ka yi masa godiya ka sallame shi.

Na biyar, inda za ka same shi. Shago, gida, maigidan da ya koya masa sana'a, ƙungiyar kafintocin unguwarsu. Mai lambar waya kaɗai, ran da ya kashe wayar ya ɓace ke nan.

Gwajin kwano, domin a nan kuɗi ya fi zurarewa

Dogon kwanon alminiyom ana sayar da shi ne da kauri: 0.40, 0.45, 0.50, 0.55, har 0.70 na milimita. Ido ba ya bambance 0.45 da 0.40, balle daga ƙasa. Amma wanda ya karɓi kuɗin 0.55 ya buga 0.45 ya rage maka kusan kashi 18 cikin 100 na ƙarfen da ka biya. Akwai ƙaramin ma'aunin kauri da ake ce wa maikuromita, ana samunsa a kasuwar kayan gini; saya ko ara, ka koyi karanta shi, ka auna a gaban mai kaya kafin a ɗora ko falle ɗaya. Ka tuna fenti yana ƙara ɗan kauri, don haka in awo ya faɗi ƙasa da abin da aka rubuta tare da fentin, ba sauran musu.

Sikeli ma yana tona asiri. Shimfiɗaɗɗen alminiyom mai murabba'in mita ɗaya, in 0.55 ne zai yi kusan kilo 1.5, in 0.45 ne kusan kilo 1.2. Sai mayen ƙarfe, wanda ko a tsohuwar sifika za ka ciro: ba ya kama alminiyom. In ya manne, to ƙarfe ne aka shafa wa kariya aka yi wa fenti. Ba mugun kaya ba ne, yana da ƙarfi, amma kuɗinsa daban, kuma yana iya tsatsa daga bakin yanka da ramin ƙusa. Kwanon bandir na gargajiya falle 20 ne, ƙirga. Shi ma yana da mai kauri da wanda yaro zai lanƙwasa da yatsa biyu.

Katako kuwa, je Na'ibawa 'Yan Katako ko Dei-Dei ko duk kasuwar garinku ka ɗaga da hannunka. Ɗanye yana da nauyi da sanyi, kuma idan ya bushe a sama murɗewa yake yi, ƙusa ta saki. Sa tef ka auna, domin abin da ake kira tubaifo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, sau da yawa bai kai sunansa ba. Maganin gara a shafa shi a ƙasa, ta kowane gefe, kafin katakon ya hau, ba a yayyafa daga baya don ka ga baƙi ba.

Kafinta, kai da sayen kaya

Ita ce hanya mafi araha a takarda, domin ba ribar kowa a kan kaya. Kai ka zaɓi kwano, kai ka riƙe rasit. Kafintan kirki da ya daɗe a unguwa yana da abin da babban kamfani ba shi da shi: kunya. Kuna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure, ba zai so a riƙa nuna rufin da iska ta kwashe ana kiran sunansa ba.

Wahalarta a jikinka take. Za ka yi kwanaki kana zirga-zirga tsakanin kasuwa da fili. Lissafin kayan ma shi ne zai rubuta maka, kuma nan ne ake samun matsala iri biyu: ko ya rage don kada ka tsorata, sai aiki ya yi nisa a fara "Alhaji, katako bai isa ba", ko ya ƙara, ragowar ta bi dare. In ya nace sai wani shago, tana yiwuwa yana da la'ada a can. Ba laifi ka je, amma ka taya a shago biyu tukuna. Sannan idan yoyo ya zo, zai ce kwanon da ka saya ne, mai kwano ya ce bugu ne.

Ƙarkon aikin ya danganta da siffar rufin. Shafi ɗaya ko biyu, ba kwana-kwana, kafintan unguwa gwani ne. Idan rufi ya yi kusurwa da yawa da kwaruruwa inda shafi biyu ke zubar da ruwa wuri ɗaya, ko kwano mai yashi a jiki wanda ke son tazarar katako daidai wa daida, nemi wanda ka ga ya yi irinsa da idonka.

Jinga: ya zo da kayansa

Sauƙi ke nan. Kun yi ciniki, ka ba da kuɗi, ka dawo ka tarar da gida a rufe. Mutum ɗaya ne kuma zai amsa laifi, ba ya da wanda zai tura wa. Ma'aikacin da ba ya samun fita ofis, da hajiyar da ke gini ba ta son cacar baki da 'yan kasuwa, duk nan suke karkata.

Amma ka lura da yadda cinikin yake: farashi ya riga ya tsaya, saboda haka duk abin da ya rage a kaya ribarsa ce. Ko mutumin kirki ne, ka sa shi a gwaji. Tazarar katako ta ƙaru da 'yar taƙi, maganin gara ya zama baƙin mai da aka tsinka, 0.45 ya koma 0.40. Kuma tun 2023, da aka janye tallafin mai aka saki naira, farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya yi maka farashi yau, ya zo saye bayan wata biyu, ko dai ya dawo neman ƙari ko ya rama a inda ba ka gani.

Na taɓa ba da jingar rufin ɗakuna biyu a bayan gida, muka yi magana a kan 0.45. Aka kawo kwano bayan magariba, kafin in dawo daga aiki washegari ya hau. Sai da na tsinci guntun da aka yanke na kai aka auna mini, na ga bai kai ko 0.40 ba. Rabin laifin nawa ne, ban ce kada a ɗora sai na gani ba. Shi ya sa duk mai ba da jinga nake ce masa abu biyu: a rubuta kauri da girma da tazara, kuma kaya su kwana a ƙasa har ka auna. Ɗan jingan da ransa ya ɓaci don ka fito da ma'auni ya riga ya ba ka amsa. Wanda ya nemi kashi 80 ko 90 kafin ya buga ƙusa ɗaya ma haka.

Jingar ɗan'uwa ita ce mafi wuyar sha'ani. Ba don 'yan'uwa sun fi ha'inci ba, sai don ba za ka iya riƙe masa kuɗi ba, kuma in aiki ya ɓaci, iyaye za su ce a bar maganar.

Kamfanin kwano

Waɗannan su ne masu naɗin alminiyom da injin da ke lanƙwasa shi. Za su turo mai awo, su yanka kowane falle daidai tsawon shafin, daga doro har baki ba haɗi, wanda ke rage wuraren yoyo da asarar guntaye. Za ka iya tsayawa a gaban injin ka auna naɗin kafin a yanka. Suna da adireshi da rasit, kuma sunan kamfani ana iya bincikarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Rajista dai ba ta nuna iya aiki, tana nuna akwai wanda za a kai ƙara ne kawai.

Inda gizo ke saƙa shi ne: yawancinsu kwano ne nasu, katako ko ƙarfen da ke ƙasa na wani ne. Idan rufi ya lotsa ko iska ta ɗaga shi, kamfani zai nuna kafinta, kafinta ya nuna kamfani. Maganinsa shi ne mai awonsu ya hau ya duba aikin kafinta, ya amince a rubuce, kafin su fara bugu. Tambayi kuma masu bugun: ma'aikatansu ne, ko 'yan ga-aiki ne da ke zaune a bakin ƙofa? In na biyun ne, garantin kamfani ba lalle ya shafi aikinsu ba. Garantin ma karanta shi. Na dusashewar fenti daban, na yoyo daban, wanda aka faɗa da baki kuma iska ne. Ka tantance ko da tsawon mita ake sayar maka ko da murabba'i, kuma faɗin da ake lissafawa na shimfiɗaɗɗen naɗi ne ko wanda zai rufe bayan an lanƙwasa an haɗa baki. Farashi biyu da ba a kan awo ɗaya suke ba, ba a kwatanta su.

Magini ko injiniya mai rajista

Mafi tsada a farko, domin ka ƙara bakin da zai ci. Abin da kake saye shi ne idon da ba ya cin riba a kan kaya. Maginan ƙasar nan hukumar CORBON ce ke yi musu rajista, injiniyoyi COREN, masu zanen gini ARCON. A wurinmu duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe tef "injiniya" ne, don haka nemi lambar rajista ka tabbatar da ita, ba rashin kunya ba ne.

Akwai aikin da ban ga dalilin yin sa ba tare da irin wannan mutum ba: bene, babban falo ko masallaci mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya, rufin ƙarfe da za a yi wa walda, da rufin da aka ɓoye a bayan farafet, wato bangon da ake ɗagawa sama ya kewaye rufin. Wannan na ƙarshe ya yi yawa yanzu, yana da kyau, yana kuma kare kwano daga iska kamar yadda rawanin soro yake yi tun da. Sai dai duk ruwan yana taruwa ne a kwatar kankare a cikin gini. Ruwan milimita 50 a kan murabba'in mita 200 lita 10,000 ne, jarka 400 ke nan mai lita 25. In kwatar ta yi ƙanƙanta, ko gangarenta bai yi ba, ko leda ta toshe bututu, ruwan ba shi da wurin zuwa sai silin ɗinka na fi'ofi, wato na farar filasta. Kakanninmu da suke sa indararo mai faɗin baki sun san abin da suke yi. Haka nan in kana da niyyar ɗora sola ko tankin ruwa, a lissafa nauyinsu tun yanzu.

Haɗarin wannan hanya shi ne mai takardar ya karɓi kuɗi ya turo yaro, shi kuma ba a ganinsa sai ran biya. Ku rubuta ranakun da zai zo da ƙafarsa: ran ɗauri, ran da katako ya gama hawa, ran da kwano ya iso. Kuma in shi ne mai duba aiki, kada ya zama shi ne mai sayo kaya, in ba haka ba ka koma jinga mai tsada.

| | Kafinta, kai da kaya | Jinga | Kamfanin kwano | Mai rajista |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | mafi ƙasa | matsakaici | matsakaici zuwa sama | mafi sama |
| Ƙarko | mai kyau a sauƙaƙan rufi | ya danganta da sa ido | kwano mai kyau, katakon da ke ƙarƙashinsa sai an duba | mafi tabbas in yana zuwa |
| Wahalarka | mai yawa | kaɗan | matsakaiciya | kaɗan |
| Inda ake cuta | lissafin kaya | kauri da tazara | awo da garanti | rashin zuwa fili |
| Wa za ka kama | shi, amma zai ce kayanka ne | mutum ɗaya | ana tura wa juna | mutum ɗaya mai lamba |

Ko wacce ka ɗauka, a yi takarda da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Wasu na ganin rubutu zargi ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. A sa ranar gamawa, da wanda ke da ragowar kaya, da wanda zai ɗauki nauyi in lebura ya faɗo ko dogon kwano ya taɓa wayar wuta. In ka samu iko, yi rufinka da rani: katako ya fi bushewa, masu aiki ba sa gaggawa, ragowar kuɗinsu kuma ta jira Agusta.

Wanne ya dace da wa

In ɗakuna ne kaɗan ko shago, rufi shafi ɗaya ko biyu, kana gari kuma kana da lokacin shiga kasuwa, ɗauki kafintan da ka ga tsohon aikinsa, ka sayi kayanka. Gyaran yoyo da sauya 'yan fallaye ma nasa ne.

In lokaci ne ba ka da shi amma za ka iya zuwa fili sau uku, ba da jinga, da takarda mai kauri da tazara, da ma'auni a aljihu. In ko sau ukun ba za ka iya ba, kada ka ba da jinga sai ka sa wani ya auna a madadinka, wanda ba abokin ɗan jingan ba.

In madaidaicin gida ne na zama kuma dogon kwano kake so, haɗa biyu: kafintanka ya yi katako, kamfani ya duba ya amince, sannan ya kawo kwano ya buga. Mafi yawan masu gini a birni nan ya fi musu.

In bene ne, ko ɓoyayyen rufi, ko ƙarfe, ko kana Saudiyya ko Legas kana turo kuɗi ana yi maka gini a gida, biya mai rajista ya duba aiki, wani daban ya sayo kaya, ɗan'uwan da ke riƙe da kuɗin kuma kada ya saki kaso na gaba sai mai dubawa ya sa hannu.